Abin da aka tattauna kan zanen masu maguɗin karta

Na tattara abin da jama'a suka faɗa kan zane-zanen da ke nuna masu maguɗi a wasan karta da yadda za a kalle su, ga shi:

1. Kusan kowa ya ce a fara da zanen Caravaggio, mai zane ɗan Italiya, na wajen 1594, wanda ke gidan tarihi na Kimbell a Texas, Amurka. Shawarar ita ce a bi hannuwa kafin fuskoki. Yaron mai kuɗi ya duƙufa kan katinsa, wani babban mutum na leƙe ta bayansa yana nuni da yatsu, safar hannunsa a yage a kan yatsun don ya ji alamar da aka yi wa kati. Abokin wasan kuwa yana zaro kati daga bayan ɗamararsa, ga wuƙa a ƙugu. Wannan wuƙar ce ta fi tsaya min a rai.

2. Na Georges de La Tour, ɗan Faransa, iri biyu ne: ɗaya a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, ɗaya a Kimbell. Nan idanu ake bi, musamman kallon gefen ido na matar da ke tsakiya da 'yar aikin da ke kawo giya.

3. An rabu kan manufa. Wasu sun ce gargaɗi ne ga samari kan caca, giya da mata. Wasu suka ce ai mai zanen ya sa mu cikin maƙarƙashiyar, tunda muna ganin komai, yaron ne kaɗai bai gani ba. Ni na fi karkata nan.

4. An ja kunne kan kwafi: na Caravaggio an kwaikwaye shi da yawa, don haka a duba gidan tarihin da hoto ya fito kafin a yaɗa shi.