Masu kyanwa a gida, ku zo mu ji irin ɓarnar taku

Maman Ilham, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so masu kyanwa a gida su zo mu baje kolin halayensu, domin na lura kowace da irin rigimarta, kuma yana damuna yadda ake ɗaukar kyanwa a buhu a kai ta bayan gari a yar a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tawa sunanta Gimbiya, fara ce mai ɗigon baƙi a goshi. Ba ta da wurin kwanciya sai sallayata. Ina shimfiɗawa, kafin in tayar da kabbara ta zo ta miƙe a daidai wurin sujada ta lumshe ido. In na ɗauke ta na ajiye gefe, ina raka'a ta biyu ta dawo. Na saya mata 'yar darduma tata ta kanta, ta shinshina ta wuce, ba ta sake kallonta ba. Sai kuma ture kaya. Duk abin da ta gani a bakin tebur, kofin shayi ne ko carbi, sai ta sa hannu ta riƙa tura shi kaɗan-kaɗan tana kallona, in ya faɗi ta leƙa ƙasa ta ga inda ya sauka. Kwalbar humrar da aka kawo min daga Maiduguri haka ta tafi. Ku fa, me taku take yi?

Baban Walida, Zariya:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni malamin makaranta ne, kuma muzuruna ya ɗauki takardun jarrabawa a matsayin katifarsa. Ga tabarma, ga kujera, ga gado, amma sai kan takardar da nake makin ɗinta zai kwanta, ya kuma riƙa kai wa jan biro duka ina cikin rubutu. Wannan da sauƙi. Abin da nake so in ja hankalin masu mota a kai shi ne lokacin hunturu. In sanyi ya kankama kyanwa tana shiga ƙarƙashin mota ta haye cikin inji don ɗumi. Wata safiya na buɗe bonet zan duba ruwa, sai ga shi a naɗe kusa da batir yana barci. Da na kunna motar kai tsaye, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Yanzu sai na bubbuga bonet na danna hon kafin in murɗa makulli.

Inna, Sakkwato:
'Ya'yana, ku naku wasa ne. Mussata ta iya buɗe tukunya. Wallahi da idona na gani. Na soya kifi na rufe a tukunyar silba na ɗora bisa kanta, na koma tsakar gida ina tsintar shinkafa. Sai na ji ƙwal. Na leƙa ta taga, ga ta ta sa farce ƙarƙashin marfi tana ɗagawa, marfin ya zame, ta zaɓi babban yanki na tsakiya, ba kai ba, ba wutsiya ba. Ta fice ta bayan randa. Da na fito da muciya a hannu, sai na tarar da ita ƙarƙashin darbejiya tana lasar hannu tana goge fuska, ta dube ni ta ce "miyau" a hankali. Sai na ajiye muciyar. Yanzu dutse nake ɗorawa bisa marfi, kuma duk ranar da aka yi kifi nata kason nake fara cirewa, in zare mata ƙaya in ba ta tun kafin mu zauna. Tun da na fara haka satar ta ragu ƙwarai. Yawancin kyanwar da ake kira ɓarauniya yunwa ke damunta, an bar ta da tuwo da miyar kuka, alhali ita mai cin nama ce.

Amarya, Kaduna:
Inna kin ba ni dariya. To ku ji tawa, wadda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ni ban ma ajiye kyanwa ba, ta gidan surukata ce, muna gida ɗaya. Na ga cikinta ya yi girma, na ga ta fara bin lungu-lungu, ta shiga bayan kujera ta fito, ta leƙa ƙarƙashin gado ta fito, ban kawo komai a raina ba. Akwai babban akwatin lefena da na bari a buɗe kaɗan a cikin wadirof, na atamfofi da lesuka waɗanda ko ɗinka su ban yi ba. Ranar da zan ciro turmi ɗaya in kai wa tela, ina jawo akwatin sai na ji wani siririn kuka. Na buɗe, sai ga ta a kwance a kan leshina mafi tsada, da 'ya'ya huɗu, idanunsu a rufe, jikinsu da ɗan danshi, suna ta rarrafe suna neman nono. Leshin kam ya ɓaci.

Na tsaya na rasa abin yi, kuka zan yi ko me. Ita kuwa ta ɗago kai ta kalle ni, ba ta gudu ba, ba ta yi min gurnanin faɗa ba, sai ma ta gyara kwanciya ta jawo ɗaya da ya yi nisa. Na kira Hajiya ta zo ta gani. Ta ce, "'Yata, duk ɗakunan gidan nan ta duba, naki ta ga ya fi aminci." Muka samo kwali muka shimfiɗa tsohon zani muka mayar da su a hankali. Kafin gari ya waye ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya da baki ta mayar cikin wadirof ɗin. Sai na kwashe kayana na bar mata wurin. Bayan mako guda da 'yan kwanaki idanunsu suka buɗe. Yanzu sun fara hawa labule, kuma gidan saurona ya zama abin lilonsu.

Wani ɗan uwa, Jos:
Ku yi haƙuri, ni dai ban ga abin sha'awa ba. A unguwarmu muzurai ba sa barin mu barci. Tsakar dare sai ka ji kuka a kan rufin kwano kamar na jariri, yara su firgita, iyalina ta tashi tana addu'a. Ga fitsarinsu a jikin ƙofa mai wari. Kuma mu tun muna yara ake ce mana baƙar kyanwa ba dabba ba ce, kuma gashinta yana sa tarin fuka.

Malam, Katsina:
Ɗan uwa na Jos, damuwarka a kan hana barci gaskiya ce, amma maganar baƙar kyanwa camfi ne, kuma ya jawo an kashe dabbobi da yawa ba da hakkinsu ba. Addini ya yi wa kyanwa gata. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Kabshatu 'yar Ka'abu, wadda ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga tana mamaki, sai ya gaya mata Manzon Allah (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Sahabi Abu Huraira ma 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta ja masa wannan laƙabi. Don haka Maman Ilham, hawan sallaya bai ɓata miki salla ba, matuƙar ba ta bar ƙazanta a kai ba.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni tawa matsalar da maƙwabci ce. Kyanwata ba ta taɓa abincin gida, ko kilishi ka bari a faranti ba za ta kalla ba, har yara suna ce mata kyanwar Lami. Ashe a waje take aikinta. Maƙwabcina yana kiwon tantabaru da kaji, sai 'yan tsakinsa suka fara raguwa. Ya zo ya yi min magana cikin mutunci, na ce a sa ido. Kwana kaɗan aka gan ta a kan katanga, ta kwanta lamo, kunnuwa a gaba, bakin wutsiya kaɗai ke motsi. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai ke nan. Na biya shi kuɗin tsakinsa, muka haɗa kuɗi muka sa wa akurkin waya mai ƙananan ido, na kuma ɗaura mata ɗan ƙararrawa a wuya. Zumuncinmu da shi yana nan, kyanwar ma tana nan.

'Yar jami'a, Kano:
Anti Amarya, don Allah a ajiye min ɗaya! Tawa kyauta take kawo min. Ƙadangare, tsaka, wani lokaci ɓera, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina ta zauna tana jira in fito. Ranar da ta fi ba ni tsoro a kan filona ta ajiye ƙadangaren, kuma bai gama mutuwa ba. Sannan kullum gab da asuba sai ta haukace da gudu, daga falo zuwa kicin, ta haye kujera ta dire, ta dawo ta taka min ciki. Da azumin bana ba mu taɓa makara sahur ba, domin ita ke riga agogo tashin mu. In kuma ta gaji sai ta hau cinyata tana danna ni da hannuwanta ɗaya bayan ɗaya tana gurnani. Kakata tana cewa tasbihi take yi.

Likitan dabbobi, Zariya:
Na ji daɗin wannan hira, bari in ɗan sa baki. Kusan duk abin da kuka lissafa ɗabi'ar halittarta ce. Kyanwa mafarauciya ce da ta fi kuzari da asuba da magariba, lokacin da ɓeraye ke fitowa, shi ya sa 'yar uwa ta jami'a take ganin wannan gudun. Sauran yini kuwa barci ne, awa 12 zuwa 16. Ki yi wasa da ita da igiya kafin ki kwanta, sannan ki ba ta abinci, za ki ga ta rage. Dannawar da take yi miki da hannu tun tana jaririya ta koya, haka suke yi wa cikin uwarsu don nono ya zubo, kuma ba ta yi wa wanda ba ta sake da shi ba. Sallaya da takardun Baban Walida kuwa, warin jikin mai gida ne a kansu, kuma nan ne hankalinsa yake. Mai fama da yagar kujera ya samo guntun itace ko katako ya naɗa masa igiya, domin dole ne ta wasa farcenta. Kuma a hana yara yanke mata gashin baki, da shi take auna hanya a cikin duhu.

Ɗan uwa na Jos, kukan da kake ji na barbara ne da faɗan muzurai a kan mace, fitsarin kuma alamar iyaka ce suke sawa. In aka fiɗiye muzuru duka biyun suna raguwa sosai, macen ma ana yi mata aikin tsayar da haihuwa. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai, don haka in ba a ɗau mataki ba gida zai cika. Gashinta ba ya kawo tarin fuka, wannan cuta ƙwayarta daban ce. Amma gaskiya ne akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da kyanwa, su yi ta atishawa, mai asma kuma tana iya tayar masa.

Abin da ya fi sosa min rai a wurin aiki shi ne kyanwar da mai ita ya ba ta farasitamol don ya ga ba ta da lafiya. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madara kuma tana sa yawancin manyansu zawo. Kada a shafa mata fiya-fiya ko maganin ƙuman kare. Mai sa shinkafar ɓera a gida ya sani in kyanwa ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana cikin haɗari. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa.

Maman Ilham, Kano:
Likita mun gode ƙwarai. Tambaya ɗaya: Gimbiya ta taɓa yaƙushin ɗana da ya ja mata wutsiya. Akwai allurar da ya kamata a yi mata ne?

Likitan dabbobi, Zariya:
Akwai, Hajiya. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma, kuma ana yi mata rigakafinsa daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Ki kai ta asibitin dabbobi mafi kusa da ke. In ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a je asibiti, musamman in kyanwar ba a san ta ba ko ba a yi mata allura ba.

Amarya, Kaduna:
Ƙanwata ta jami'a, na ajiye miki mai ruwan toka, ita ce ta fi su ƙiriniya. Amma sai sun cika wata biyu sun saki nono tukuna. Sauran ukun ma ina neman musu gida, sharaɗina ɗaya ne: wanda zai karɓa ya yi min alkawarin in ya gaji zai dawo min da ita, ba zai kai ta bola ba.