Wutar Sama: Kyauta Ce Ko Ba Kyauta Ba?

Bashir mai walda, Birnin Kebbi: Jama'a, abin ya ishe ni. Ba wuta, ga ƙofofin mutane jingine a shago ban haɗa ba, fetur ya cinye riba. Alhali tun 1968 wani injiniya a Amurka, Peter Glaser, ya ce a kafa faifan sola a sararin samaniya, can inda ba girgije ba hazo, a mayar da wutar ta zama igiyar maikurowef, wato wani nau'in igiyar rediyo, a harbo ta ƙasa. Wuta kyauta tana sama, mu muna nan muna fifita!

Malam Umaru: Kyauta? Bashir, ka ji tsoron Allah. Tauraron ɗan Adam ɗin da zai ɗauki faifan sai an kai shi nisan kilomita 36,000. Wa zai biya kuɗin roka? A ƙasa kuma sai an shimfiɗa ragar eriya mai faɗin kilomitoci, ita ce za ta mayar da igiyar ta zama lantarki. A filin wa? A fadamar shinkafarmu?

Hajiya Luba: Malam, rana dai ba a sayenta. Abin da yaron nan ke nufi ke nan.

Malam Umaru: Hajiya, ruwan Kainji ma ba a saye, amma ƙarshen wata takardar kuɗin wuta na zuwa.

Ɗan Yawuri: Don Allah kada wanda ya sake haɗa Kainji da kyauta. Kakanninmu aka tasa daga garuruwansu, ruwa ya ci gonaki da maƙabartu, aka ja wuta har Yamai. Mu muka biya.

Nura Argungu: Ku Yawurawa kowace magana sai kun kai ta dam.

Ɗan Yawuri: Da gidan kakanka ne a ƙarƙashin ruwa, da ba ka faɗi haka ba.

Aisha ɗaliba: Yayyena, ku duba wannan. A 1975, a Goldstone ta Amurka, an tura wuta fiye da kilowat 30 ta iska nisan kilomita ɗaya da rabi. A 2023 jami'ar Caltech ta harbo wuta daga sama, aka gano ta a rufin wani gininsu a Pasadena, sai dai 'yar kaɗan ce ƙwarai, na'ura kawai ta ji ta.

Nura Argungu: Ɗan Yawuri, ba ni na tsokano ka ba, kai ka sako kakanni.

Bashir: Ni fa maganar aikina nake yi. Masu ƙofofi sai kirana suke.

Malam Umaru: To janye "kyauta" tukuna.

Alhaji Sani, shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda da ƙanena Bashir cewa abin mai yiwuwa ne, 'yarmu Aisha ma ta kawo hujja, Malam Umaru ne kawai ya kafe kan kalma ɗaya. Nura, ka kira Ɗan Yawuri ka ba shi haƙuri kafin la'asar.

Malam Umaru: Alhaji, ni ban ga inda kowa ya yarda ba.