Dodon koɗina shi kaɗai ne, amma ya yi ƙwai: wa ya taɓa ganin haka?

Maman Walida, Suleja
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsakiyar damina maigidana ya dawo daga Lokoja da manyan dodon koɗi guda shida. Biyar muka ba maƙwabciyarmu, na shidan yara suka hana a taɓa. Na sa shi cikin tsohuwar tayar mota da ƙasa, na rufe da gidan sauro, ina ba shi ganyen gwanda. Wata biyu ke nan shi kaɗai. Da safen nan na zo canja ƙasar, sai ga ƙwai guda takwas a binne, masu ruwan ɗorawa, kowanne ya fi ƙwan ƙadangare girma. Don Allah ina namiji ya fito? Kuma za su ƙyanƙyashe, ko in zubar?

Baban Sabo, Ibadan
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki zubar. Shekara tara ina kiwonsu a bayan gida, Yarbawa suna ce masa igbin, kuma su ne masu saye a wurina. Dodon koɗi mata-maza ne, kowane ɗaya yana da halittar namiji da ta mace. Duk da haka yawanci sai biyu sun haɗu. Ni ma ban yarda ba sai da na gani da idona. Wani dare bayan ruwa ya ɗauke na fita da tocila, na tarar da biyu sun haɗa wuya, wani farin abu ya fito daga gefen dama na kan, bayan ƙahon, ya shiga na ɗayan. Na koma na kwanta, na fito sallar asuba suna nan yadda na bar su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yana iya ajiye maniyyin abokin nasa a jiki wata da watanni, sai ƙasa ta yi laushi ya tona rami ya zuba ƙwan. Naki ya yi barbara tun suna su shida, ko ma tun a daji. Irin wanda kika kwatanta ba ya yin ƙwai da yawa, daga 5 zuwa 15 ne, manya masu ɓawo, kuma sukan yi kusan wata guda kafin su fashe. Ki ɗebe su da cokali, ki sa a roba mai huda da ƙasa mai damshi, ki rufe su sama-sama.

Ɗan Zango, Kumasi
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai namu na Gana daban ne. Wanda Asante suke ce wa nwa, mai zane kamar damisa da tsinin gindi, ƙwansa ƙanana ne, amma zubi ɗaya yakan haura ɗari, kuma sati biyu zuwa uku sun fito. Ni kwarkwasa ce ta gama da ni. Dare ɗaya suka shiga akwatin, gari ya waye ba ƙwai ba 'ya'ya, har manyan biyu sun mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu ƙafafun akwatin cikin gwangwanin ruwa nake tsoma su.

Anti Ladi, Kafanchan
Ni ruwa na cika, don tsoron kada su bushe, sai duk suka ruɓe. Ki dunƙule ƙasar a hannu: in ta haɗu ba ta ɗiga ba, ta yi. Kuma 'ya'yan da suka fara fitowa sukan cinye ɓawonsu, har su taɓa ƙwan da bai fashe ba, don haka ki daka ɓawon ƙwan kaza ki barbaɗa musu. Gishiri kuwa ko kusa, kashe su yake.

Malam mai koyar da kimiyya, Kura
Hajiya, bari in ƙara da na ruwa, don shi ya fi damunmu a nan. A magudanan noman rani na Kadawa akwai 'yar ƙaramar katantanwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Na taɓa sa guda ɗaya tun tana 'yar mitsitsiya cikin kwalba don ɗalibaina, bayan 'yan makonni sai ga ƙwai manne a jikin gilashin cikin wani abu mai yauƙi, kuma suka ƙyanƙyashe. Ita kam tana iya barbarar kanta. Irinta ce ke ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini in sun yi wanka a ruwan. Shi ya sa ko an yashe magudana, ɗaya ta tsira, kafin a ankara sun sake cika wurin.

Maman Walida, Suleja
Allah Ya saka muku da alheri, Baba, Malam, da ku duka. Na bi abin da kuka ce. Yau kwana 31, biyar sun fito, ɓawonsu garai-garai har ana hango cikinsu. Ukun da suka rage na ware su a wata roba. Baba, sanyin hunturu ya kusa, uwar kuma ta fara toshe bakinta da wani farin abu. In ci gaba da yayyafa mata ruwa, ko in ƙyale ta ta yi barcinta?