Musayar Waƙa: Wingate ko Slim a Yaƙin Bama?

Jikan Mazan Jiya: Assalamu alaikum. Kakana yana cikin sojojin Najeriya da suka yi Yaƙin Bama a rundunar Janar Orde Wingate na Birtaniya, shi ya sa na buɗe fage da shi.

Wingate ya goge a Sudan, ya saba da ƙishi da rana,
Ya rako Haile Selassie gida, Habasha ta yi murna,
Ya kutsa dajin Bama da alfadarai, ya hana Japan kwana,
Daga sama ake jefo musu guzuri, kaka ya faɗa mana.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yabi mai kutse, amma ba ka ƙirga rayuka ba, bari in gwada shi da Janar William Slim, babban kwamandan sojojin Birtaniya a Yaƙin Bama.

Dubu uku ya kai daji a 1943, fiye da 800 babu komowa,
Slim kuwa tun farkon yaƙi ya janye mayaƙa zuwa Indiya ba tare da watsewa,
Ya dake a Imphal da Kohima har Japan ta soma gazawa,
Ya ƙetare Irrawaddy, Mandalay ta zo faɗuwa.

Uwar Baitoci: Malam ya gama magana, Allah ya ƙara basira!

Mai Awo: Allah gafarta Malam, ɗangon farko ya karya kari, domin duk wanda ya rera 1943 da baki numfashinsa zai ƙare kafin ya kai amsa-amo.

Malamin Tarihi: Na karɓi gyaran kari, amma shekarar tana nan daram.

Baƙon Zaure:

Kun tsallake Falasɗinu, can Wingate ya kafa 'yan sintirin dare,
Ƙauyukan Larabawa sun ɗanɗana, ku tambayi tarihi a tsare.

Malamin Tarihi: Gaskiyarka, a 1938 aka yi wannan. Ɗana, ka kuma tuna cewa Wingate ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris 1944, alhali a Afrilu ne 'yan Najeriya suka yi gumurzun tsare White City, sansanin rundunarsa a dajin Bama.

Jikan Mazan Jiya: Ku yi haƙuri da jinkirin kwana biyu, na je gida ne na buɗe akwatin kakana. Na ji zancen Falasɗinu, ba kuma zan kare shi ba.

Malam, kai ka ƙirga a takarda, ni na ga tabo da idona,
Cizon matsattsaku a ƙwauri, har ya rasu yana nuna mana,
Ko Slim ko Wingate, wa ya kwana cikin ramin kakana?
Ga lambarsa ta yi tsatsa, tana nan a tafin hannuna.