Neman kalma: me za mu kira "real-time" a manhajar manoma?

Malamin kwamfuta, ƙasar Taura:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinmu ta sa an yi mata manhajar waya, yanzu kuma masu ginin sun ƙara mata kiran murya da na bidiyo, don manomi ya nuna wa malamin gona ganyen da ya ƙone yana tsaye a cikin fadamarsa, ba sai ya tsinko ya hau mashin zuwa Ringim ba. Ni aka ba fassarar maɓallai da ɗan littafin bayani, jibi Alhamis zan miƙa. Kalma ɗaya ta tsaya mini, real-time. Da farko na sa "kai tsaye", sai na iso wani sakin layi da ke bambanta ta da yaɗa bidiyo irin na Facebook da YouTube. In na bar ta haka, zan rubuta cewa kai tsaye ya sha bamban da kai tsaye. A taimaka don Allah.

Mai shirin noma a gidan rediyo:
Wa alaikumus salam. Kai tsaye mana! Ita kowa ya sani, daga makiyayi har mai shayi. Wancan na Facebook ka kira shi "watsawa", shi ke nan.

Injiniyan manhaja, ɗan Kazaure:
Yallaɓai, ba zai yiwu ba, don bambancin na gaske ne, a cikin aikin yake. Abin da kake kallo kai tsaye a Facebook yakan iso maka bayan 'yan sakanni da faruwarsa, ba ka kuma damu ba tunda kallo kawai kake. Kira ba ya jure wannan. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato kashi 15 cikin 100 na sakan ɗaya. Mu Hausawa ma mun fi kowa saurin gane jinkiri, saboda gaisuwa. Kira ɗan'uwa a Saudiyya ranar da sabis ya yi nauyi: ka ce ina kwana, ka ji shiru, ka ƙara da ina gajiya, sai "lafiya lau" ɗinsa na farko ya yi karo da tambayarka ta uku, ku biyun ku yi shiru lokaci guda, ku sake farawa lokaci guda. Kalmar da muke nema sunan yanayin da hakan ba ya faruwa ne. Ina ganin "nan take".

Mai shirin noma a gidan rediyo:
Na karɓi gyara. Mai bugo waya da ke sauraronmu ta intanet ma yakan ji muryarsa ta dawo masa a makare ya rikice, sai mun ce ya kashe. Amma "nan take" na abu ne da ya faru sau ɗaya ya wuce: ya faɗi nan take, an biya shi nan take. Hira kuwa tafiya take yi.

Malamar Hausa, Haɗeja:
Haka ne, amma in ta biyo bayan suna da harafin mallaka takan zauna: sadarwar nan take, kiran nan take. Kunne bai ƙi ba. Akwai kuma "baki da baki" da "gaba da gaba", sai dai ta biyun tana da ƙamshin faɗa.

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
Yara, kuna ta kewaye alhali Hausa ta gama wannan aiki tun kakanninku ba su san waya ba. Ga-ni-ga-ka. Sadarwar ga-ni-ga-ka. In aka ce an yi magana ga ni ga ka, babu ɗan aike, babu jira, ka faɗa na amsa. Me ya rage? Sannan ɗana malamin kwamfuta, na ga ka rubuta "bidiyo" ba ko kunya. Hoto mai motsi ya mutu ne? Haka kuke yi, ku cika takarda da Turanci ku ce kun yi fassara.

Malamin kwamfuta, ƙasar Taura:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi ga-ni-ga-ka ta yi mini daɗi a baki, na maimaita ta ya fi a ƙirga. Damuwata maɓalli ne, faɗinsa bai kai ɗan yatsa biyu ba. "Kiran hoto mai motsi na ga-ni-ga-ka" ba zai shiga ba. Kuma rabin kiran na murya ne zalla, ba wanda ke ganin wani.

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
Ka ji irin ta! Wa ya ce maka gani ne? "Ga ni" ne, kalma biyu, kamar ga shi, ga mu nan. Ko makaho yana cewa ga ni. Wannan shi ne sakamakon rubutun waya, kun haɗe kalmomi har kun manta inda aka raba su.

Malamar Hausa, Haɗeja:
Baba ya yi gaskiya a nahawu, "ga" ce ta nuni. Amma Baba, a yi mini afuwa, ni in na buɗe manhajar ga-ni-ga-ka zan gani ko ga-ni-ga-ki? Matan da ke turara shinkafa suna cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, su ma za su kira. Na biyu, abin da ya faru da malamin kwamfuta yanzu shi zai faru da duk mai karatu: zai ga "gani", ya ɗauka kiran bidiyo kaɗai ake nufi. In mai koyarwa ya yi tuntuɓe a kai, ina ga manomi?

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
'Yata, ka-ce-na-ce fa? Kin taɓa jin an ce ki-ce-na-ce don mata ne ke gardamar? Kalma in ta dunƙule ta dunƙule.

Malamar Hausa, Haɗeja:
Wannan kam Baba ka kama ni. Na janye ta farko, ta biyu tana nan.

Ɗalibi daga Dambatta:
Ni dai a ganina a rubuta riyal-tayim kawai a huta. Mun ari kwamfuta, mun ari intanet, mun ari data, sama ba ta faɗo ba. Duk wanda zai yi aikin nan gaba da Turancin zai haɗu da ita.

Mai shirin noma a gidan rediyo:
Ka ce riyal a ƙauye, kuɗin Makka za a ji. Za a ɗauka kiran na biya ne, a ƙi taɓa maɓallin.

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
Ku ji ɗan zamani. A huta! Da haka na gabanmu suka huta, da ba mu da jirgin sama, ba mu da wayar tarho, ba mu da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wa ya kira saƙon waya kar-ta-kwana? Bahaushe ne, ya kuma zauna daram. Amma yau sai abin da aka ji a bakin 'yan birnin Kano ko a BBC shi ne Hausa, mu na Gumel in mun kawo kalma sai a ce ta yi tsawo.

Ɗalibi daga Dambatta:
Baba, da girmanka, waya ma ai Turanci ce, tarho ma haka. Manhajar da muke ta faɗa Larabci ce, da can tsarin karatun makaranta take nufi, kai ka fi ni sani tunda ka koyar da ita. Me ya sa aron da aka yi a zamaninku ya zama Hausa, namu ya zama lalaci?

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
Domin mun ara ne inda babu. Ku kuna ara alhali rumbu cike yake.

Malamar Hausa, Haɗeja:
A bar maganar Kano da Gumel don Allah, ba wanda ya raina Hausar wani a nan. In ana son hukunci na dindindin akwai Cibiyar Nazarin Harsuna ta Jami'ar Bayero, aikinsu ne, amma ba za su zauna kafin Alhamis ba. Injiniya, fayyace mana yadda abin ke aiki, wataƙila kalmar na ciki.

Injiniyan manhaja, ɗan Kazaure:
To Malama. Akasarin masu ƙara kira a manhaja ko a shafin intanet da wani tsarin kiran murya da bidiyo mai suna WebRTC suke yi. Google ce ta sake shi kyauta a 2011 bayan ta sayi kamfanin da ke da fasahar a 2010, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ƙa'idar kowa da kowa a 2021. Waya takan nemi izinin kamara da makirfo tukuna. Daga nan akwai wata kwamfuta a tsakiya da aikinta kamar na dillali ne a kasuwar Maigatari: ta haɗa mai saye da mai sayarwa, ta gaya wa kowa inda ɗan'uwansa yake, ta ja gefe. Murya da hoto sai su riƙa tafiya daga waya zuwa waya. In hanyar ta toshe, wanda yakan faru a layukan salula, sai a koma ta wata kwamfutar da ake kira TURN, ita ce ke karɓa ta miƙa. Nan ne ma Baba, ga-ni-ga-ka ta ɗan yi rauni, don wani lokaci akwai ɗan aiken, sauri kawai gare shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan. Saƙon murya na WhatsApp in wani yanki ya ɓace a hanya, waya takan sake nemansa har ya cika, ko da zai kwana. A kira kuwa guntun muryar da ya makara zubar da shi ake yi, don ba shi da sauran amfani. Shi ya sa kake jin magana na yankewa, ko hoto ya dusashe amma murya ta ci gaba. Tsarin matse murya da ake kira Opus yana iya sauka har kilobit 6 a sakan, wato data kaɗan ƙwarai, don kada maganar ta tsaya. An zaɓi lokaci a kan cika. Saboda haka kalmar dole ta yi maganar lokaci, ba fuska ba.

Malamin kwamfuta, ƙasar Taura:
Wannan ya warware mini. Jiya da yamma muka gwada da wani dattijo a bakin fadama, sanda ɗaya ce ta sabis a wayarsa, sai da ya hau kan kunyar da ta fi tudu. Hoton ganyen ya yi dishi-dishi, malamin gona ya ce masa matso da ita, ya matso, ya ce juya bayan ganyen, ya juya. Hoton bai yi kyau ba amma aiki ya yi, saboda ana faɗa yana yi. Ga abin da zan miƙa: maɓallai "Kiran murya" da "Kiran bidiyo". A cikin littafi "sadarwar nan take". Inda ta fara fitowa zan bayyana ta da cewa magana ce ta ga-ni-ga-ka, ana faɗa ana amsawa. "Kai tsaye" na bar wa masu yaɗawa.

Mai shirin noma a gidan rediyo:
Har yanzu "nan take" na yi mini kamar abin da ya ƙare, amma zan gwada ta a shirin Asabar in ji ko masu bugowa za su ɗauka.

Baba hedimasta mai ritaya, Gumel:
Wato tawa ta zama 'yar rakiya. To, ba komai, aikinka ne ɗana. Amma ka raba kalmomin da karan ɗori yadda na rubuta, kada in ga "ganigaka" a dunƙule. Bidiyon nan kuma ban yafe ba.

Malamin kwamfuta, ƙasar Taura:
In sha Allahu Baba, da karan ɗorinta. Saura guda: saƙon da ke fitowa in sabis ya yi rauni, "jinkiri" zan ce ko "tsaiko"?

Malamar Hausa, Haɗeja:
Jinkiri in muryar na isowa a makare, tsaiko in ta tsaya cak. Duba wanne suke nufi kafin ka zaɓa.