Wace kalma za mu ba sync da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. A shagonmu na taki da iri akwai kwamfuta uku: ta kan kanta, ta maigida, da laftof ɗin da ke bin kasuwannin ƙauye. Duk ukun rumbun bayanai guda suke amfani da shi na abokan ciniki: suna, lambar waya, gari, da abin da mutum ya saya bara. "Rumbun bayanai" ta zauna daram, ba na ja da ita. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce sync, kalmar Turanci ta yadda kwamfutoci ke riƙe bayanai iri ɗaya, canjin da aka yi a ɗaya ya bayyana a sauran.

Da can da filashi muke yi. Ka fitar da sunayen a fayil ɗin CSV ko vCard, wato irin fayil ɗin da ake jera sunaye da lambobi a ciki, ka kai ɗaya kwamfutar ka zuba. Wannan kwafi ne, kowa ya san shi, kuma kowa ya san ciwonsa. Ka buɗe CSV a Excel sai sifilin farkon 0803 ya faɗi. In ba a adana da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ya san haruffanmu masu ƙugiya, Ɗanladi ya rasa Ɗ ɗinsa, ya koma wasu alamomi marasa kan gado.

In kuma an sayi sabuwar kwamfuta aka kwashe komai, kamar fayil ɗin .pst da manhajar imel ta Outlook ke adana bayananta a ciki, aka rufe tsohuwar, wannan ƙaura ce. Ba gardama.

Sync daban take. Kwamfutocin ba sa rabuwa, kullum suna tuntuɓar uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, ta hanyar ƙa'ida irin CardDAV da aka tsayar a 2011. Ka gyara lamba a nan, ta gyaru a can. Ka goge a nan, ta gogu a can. Wannan na biyun shi ne mutane ba sa ji.

Na gani da idona. Da muka koma Google Contacts, ma'ajiyar sunaye da lambobi ta Google, na ce wa yaron kanta "yanzu komai yana kwafuwa da kansa". Ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Wata Asabar ya share sunayen manoman da yake ganin sun daina zuwa, hankalinsa kwance, tunda ai akwai kwafi a wajen maigida. Ranar Litinin maigida ya nemi lambar wani dillali, wayam. Allah Ya taimake mu, Google na riƙe abin da aka goge kwana 30 a kwandon shara, muka dawo da su. Laifin na kalmar da na ba yaron ne. Tun ranar nake wannan nema.

Na fara da "daidaitawa". Tana da kyau a baki, amma ta ɗauki kaya da yawa: da ita muke daidaita ƙarar waya, da hasken allo, da agogo. Wani abokina ya ce a ƙara mata sahu, tunda layin salla shi ne hoton abin. Hoton ya yi, sai dai tun shirin gwamnatin Shekarau a Kano, in ka ce "a daidaita sahu" keke mai ƙafa uku ne ke zuwa ran mutum.

Wani dattijo mai rubutun Alƙur'ani da hannu ya tuna mini da "muƙabala". Ya ce haka magabata ke kiran gwada kwafi da asalin littafi, layi bayan layi, har a cire kuskure. Wallahi ta burge ni, Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Amma kunnen Bahaushen yau muhawarar malamai yake ji, kuma a can akwai asali akwai kwafi. A nan kuwa kowace kwamfuta tana da bakin magana.

Inda na tsaya: jituwa.

Dalilina, jituwa ba ta yiwuwa da ɓangare ɗaya. Kuma ta zo da 'yan uwanta. In mutum biyu suka canza lambar manomi ɗaya, ɗaya a shago, ɗaya a ƙauyen da babu sabis, an samu saɓani. Zaɓen wadda za ta tsaya shi ne sulhu. "Laftof ɗin bai jitu da sauran ba tun Alhamis." Na gwada wannan jimla a kan yaron, take ya tambaye ni ko data ce ta ƙare.

Raunin da na gani guda ne. Ba ma cewa "jitu su", sai dai "sa su jitu". A kan maɓalli zan rubuta "Su jitu yanzu", a ƙasa kuma "Jituwar ƙarshe: 4:15". 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka saba da kalmar Faransanci a wayoyinku, ya wannan ta zauna a kunnenku?