Neman shawara: inkubeta mai girgiza ta ƙi zama a digiri 37

Tambaya daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum, malamaina. Inkubetarmu mai girgiza (injin ɗakin gwaji mai ɗumama samfuri yana girgiza shi), wadda ba ta da na'urar sanyi, muna saita ta a digiri 37 da zagaye 200 a minti don rainon ƙwayar bakteriya ta E. coli. Da safe lafiya lau, amma daga azahar allo sai ya nuna 39 ko 40, ƙararrawa ta yi ta kuka. Sensar da ke auna zafi ce ta lalace, ko in kashe ƙarar kawai?

Daga Gusau: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki kashe ta, gaskiya take gaya miki. Fara auna zafin ɗakin da ƙarfe 2 na rana. Irin wannan inji ɗumamawa kawai ya iya, kuma motar girgizar da fankar ciki su ma zafi suke fitarwa. Shi ya sa yawancinsu iyakar saukarsu ita ce zafin ɗaki a ƙara digiri 5. In ɗakin ya kai 35, wanda ba abin mamaki ba ne da bazara a wajenmu, ƙasa da 40 ba za ki samu ba ko me kika danna. Kafin 37 ta zauna, ɗakin kada ya haura 32, gara ma 28. A kunna esi, a janye injin daga taga da bango kamar santimita 15, a share ƙurar hunturu da ta toshe kafofin iska. Mai rainon yis a digiri 30 kuwa, ya nemi mai sanyi tun wuri.

Daga Argungu: Haka ne, Malam. Ƙari kan wannan, Malama, iyaka biyu ce. Akwai tazarar ƙararrawa, galibi digiri 1 ko 2 sama da ƙasa, akwai kuma makunnin kariya mai yanke hita gaba ɗaya. Makunnin a sa shi digiri 3 zuwa 5 sama da saitin aiki, in ya matso kusa zai riƙa katse hita ba dalili. Maɓallin shiru sauti kawai yake kashewa, zafin yana nan.

Daga Ƙaura Namoda: Gwajin sensa da sassafe ake yi, ɗaki na da sanyi. Zuba ruwa a filas (kwalbar gwaji), sa amintaccen ma'aunin zafi a ciki, ajiye a inkubeta, rufe, bar shi awa 2 sannan ki kwatanta da allo. Sai bambancin ya wuce rabin digiri ake gyara. In kika gyara da rana, kin ɓata saiti mai kyau.

Daga Zuru: Ki duba ko injin yana tashi da kansa bayan an dawo da wuta, wasu sai an danna. In ƙararrawar saurin girgiza ce, a daidaita nauyin filas ɓangare da ɓangare, a duba bel, kuma filas mai mililita 250 a zuba masa 50 kawai.